Baƙon Tasawa da Jirgin da Raƙuma Suka Ɗauko

A ƙasar Tasawa da Mayahi, idan aka ce komi, abin da ke faɗo wa mai sauraro a rai shi ne kututturen da aka fafe aka girke a bakin rijiya domin shayar da dabbobi. A bakin manyan koguna kuwa, wannan kalma ɗaya tana nufin ƙaramin jirgin masunta. Gulbin Kaba, wanda ya ratsa Mayahi, ya daɗe da zama kwari mai goriba da gonaki, akasarin ruwansa yana ƙarƙashin ƙasa, har mutum yana iya yin furfura a wannan yanki bai taɓa sa ƙafa cikin jirgin ruwa ba. Duk da haka, a watan Janairu na 1851 Tasawa ta sauki wani baƙo wanda, kafin shekarar ta ƙare, ya zama Bature na farko da ya shiga tsibiran tabkin Cadi, cikin jirgin da aka keɓe domin tafiyarsa.

A wannan zamani, keɓe jirgi don ziyartar tsibiri ya zama sana'a mai kawo kuɗi a wurare irin su Zanzibar da Moris da Seshel. Mai hali yakan ɗauki shatar jirgin da ake kira katamaran, wato jirgi mai ciki biyu, kamar komi biyu da aka jera aka shimfiɗa dandamali a kansu. Faɗinsa yana hana shi tangaɗi, kuma ba ya nitsa ƙasa sosai, saboda haka yana iya matsawa gaɓar da manyan jirage ba su kaiwa. Kuɗin shatar ya haɗa da matuƙi da mai dafa abinci. A fita da hantsi, a yi wanka, a ci kifi, a dawo kafin magariba. Sunan jirgin kuwa daga harshen Tamil na kudancin Indiya aka aro shi, inda yake nufin itatuwan da aka ɗaure, irin waɗanda talakawan masunta ke fita kamun kifi a kai. Abin da mai shata ke saye shi ne sauri da kaɗaici, ya isa tsibiri ba tare da ya nemi alfarmar kowa ba. Tarihin baƙon Tasawa yana nuna cewa alfarmar mutane ita ce ainihin abin da ke kai baƙo tsibiri, ko ya gan ta ko bai gan ta ba.

Gwamnatin Ingila ce ta shirya tafiyar, ta ɗora James Richardson a kanta, tare da Jamusawa biyu, Heinrich Barth da Adolf Overweg. Manufarsu ita ce ƙulla yarjejeniyar ciniki da sarakunan ƙasashen Sudan, da neman hanyar daƙile fataucin bayi, da kuma binciken tabkin Cadi. Tun 1823 Denham da Clapperton da Oudney suka ga tabkin daga gaɓa, amma babu Baturen da ya san faɗinsa ko zurfinsa, balle mutanen da ke zaune cikinsa. Domin haka aka ƙera jirgi a tsibirin Malta, aka kawo shi Tarabulus, aka raba shi gida huɗu yadda raƙumi zai iya ɗauka. A watan Maris na 1850 ayarin ya tashi, ya bi ta Murzuk da Gat, ya nufi Abzin. Barth ya ba da labarin irin wahalar da dogayen sandunan tuƙin jirgin suka riƙa ba raƙuma a hanya.

Babu taku ɗaya na wannan tafiya da baƙin suka yi da ƙarfin kansu. Raƙuman da suka ɗauki jirgin, masu su ne suka san yadda ake yi musu laftu. Rijiyoyin hamada, jagora ne ya san inda suke. A kan iyakar Abzin an tare su, an karɓe musu dukiya mai yawa, kuma ba su sami natsuwa ba sai da suka shiga inuwar Annur, wani babban shugaban Abzinawan Kel Ewe da ke zaune a Tintellust, wanda shi ma sai da aka biya shi. Daga nan suka jira ayarin gishiri, suka bi shi kudu zuwa Damargu. A can ne, cikin Janairu na 1851, suka rabu da alkawarin haɗuwa a Kukawa: Richardson ya yi Damagaram, Barth da Overweg suka nufo Tasawa, gutsattsarin jirgin kuwa aka ci gaba da jigilarsu bisa raƙuma zuwa Borno.

Tasawa a lokacin tana ƙarƙashin sarautar Katsinawan Maraɗi, waɗanda suka kafa mulkinsu a arewa bayan jihadi ya raba su da Birnin Katsina. Barth ya rubuta cewa ita ce babban gari na farko da ya gani a ƙasar baƙar fata, kuma ta faranta masa rai ƙwarai. Ya ga gidaje masu danga da inuwar itatuwa, yara na wasa, awaki na kai da kawowa. Ya ga marina da ramukan baba. Ya ga kasuwa inda ake sayar da soyayyar fara cikin ƙore. Bai daɗe ba ya wuce Gazawa da Katsina, ya shiga Kano a farkon Fabrairu. Overweg kuwa, wanda mutane suka laƙaba wa suna Tabib saboda maganin da yake bayarwa, ya yi yamma zuwa Maraɗi da Gobir, ya yi kusan wata biyu a can ana karɓarsa hannu biyu. Gobirawa a lokacin suna zaune a sabon birninsu da suka kafa bayan yaƙin Gawakuke na 1836, birnin da sunansa, Tsibiri, ya zo daidai da abin da baƙon ya ƙetaro hamada domin ya gani.

Richardson bai cika alkawarin haɗuwa ba, domin ya rasu a Ngurutuwa ranar 4 ga Maris, kafin ya isa Kukawa. Barth ya iso ranar 2 ga Afrilu, Overweg ya biyo baya ranar 7 ga Mayu. A nan ma sai da suka nemi yardar Shehu Umar ɗan Shehu Laminu da wazirinsa Alhaji Bashir. Kafintoci Larabawa suka harhaɗa jirgin, aka raɗa masa sunan Lord Palmerston, ministan harkokin wajen Ingila na lokacin, aka tura shi ruwa kusa da ƙauyen Maduwari a ƙarshen Yuni. Wata goma sha biyar ke nan tun barinsa Tarabulus.

Tsibiran da Overweg ya nufa suna da masu su. Su ne Buduma, waɗanda ke kiran kansu Yedina, makiyaya kuma masunta, masu shanun nan na Kuri da ke da kumburarrun ƙahoni, suna iyo daga tsibiri zuwa tsibiri neman ciyawa. Mutanen gaɓa suna tsoronsu saboda harin da sukan kawo ta ruwa, su kwashe mutane da dabbobi, su ɓace cikin ciyayi inda doki ba ya iya bin su. Suna da jiragen katako, suna kuma da na damin ciyawar ruwa da ake ɗaurewa tamau, wanda bai da nisa da ma'anar katamaran ta asali. Da sun ga dama, da jirgin Malta bai wuce tsibiri na farko ba, domin hanyoyin ruwan sun fi hanyoyin kasuwa ruɗarwa, kuma baƙo ko da idonsa makaho ne. Amma suka karɓe shi, suka sauke shi a garuruwansu, ya yi kusan mako shida yana zagayawa. Ya dawo a farkon Agusta da labarin cewa ruwan tabkin na daɗi ne, ba shi da zurfi, kuma cike yake da tsibirai masu mutane da dukiya.

Abin takaici, kaɗan ne daga wannan ilimi ya tsira. Overweg mutum ne mai son gani da ido fiye da zaman rubutu, kuma abin da ya bari yawanci guntayen bayanai ne masu wuyar karantawa. Zazzaɓi ya kama shi, ya roƙi a mai da shi Maduwari, ya rasu a can ranar 27 ga Satumba na 1852 yana da shekara 30, aka binne shi kusa da tabkin da jirginsa. August Petermann ya tattara abin da ya samu ya buga a Landan a 1854, Barth kuma ya fitar da littafinsa mai juzu'i biyar a 1857 da 1858. A cikin waɗannan shafuka sunan jirgin ya fito sarai, sunayen mafi yawan waɗanda suka ɗauko shi, suka harhaɗa shi, suka nuna masa hanya kuwa sun bi iska.

Akwai dai murya ɗaya da ba ta ɓace ba, kuma da Hausa ta yi magana. A Kukawa Overweg ya ƴanta yara biyu da ke cikin bauta, Abbega Bamargi da Dorugu Bahaushe, ɗan ƙauyen Dambanas na wajen Kance. Bayan rasuwar Tabib suka bi Barth har Tumbutu, sannan a 1855 suka ƙetare hamada da Bahar Rum tare da shi zuwa Ingila. A can Dorugu ya ba J. F. Schön labarin rayuwarsa da Hausa, wanda ya fito cikin littafin Magana Hausa a 1885. Yaron da aka sace daga ƙasar da ba ta da jirgi shi ne ya shiga jirgin teku, ya kalli Turawa a gidajensu kamar yadda suka kalli mutanensa, ya bar ɗaya daga cikin tsofaffin labaran rayuwa da ake da su a harshen Hausa. Ya ƙare kwanakinsa a Kano a 1912.

Bayan Overweg, jiragen da suka nufi tabkin sun zo da wata fuska dabam. A 1897 Emile Gentil na Faransa ya iso da jirgi mai tururi, Léon Blot, wanda ƴan dako suka ɗauko gunduwa-gunduwa daga wajen Kwango. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta taso daga yamma da umurnin isa tabkin Cadi ta ƙasa. Ba ta nemi jagora da lalama ba, ba ta biya kuɗin hatsi ko na dako ba. Abin da ta bari a Lugu da Birnin Ƙonni da Koran Kalgo har yau ana ba da labarinsa da hawaye. A ƙasar Tasawa ce tafiyar shugabanninta ta ƙare. Sun harbe Kanar Klobb a Dankori ranar 14 ga Yuli, sojojinsu kuma suka juya musu baya, suka kashe Chanoine ranar 16, Voulet ranar 17. Kaburburansu suna Maijirgi, a gabashin Tasawa. Shekara 48 ke tsakanin baƙon da ya sauka a garin yana raba magani da waɗanda suka zo suna cinna wa rumbuna wuta, alhali tabki ɗaya suka nufa. Ba a wanke tafiyar farko tas, domin taswirori da labaran da irinta ta kai Turai sun share wa ta biyu hanya. Amma mutanen ƙasa sun san bambanci tsakanin mai sallama da mai fasa ƙofa.

Ƙwarewar masu tabkin ta sake fitowa duniya a 1969, lokacin da Thor Heyerdahl na Nowe ya so ya gwada ƙetare tekun Atlantika cikin jirgin ciyawa. Daga garin Bol na Cadi ya ɗauko maginan da suka ɗaure masa jirginsa Ra a Masar, kuma jirgin ya yi dubban kilomita a teku kafin ruwa ya ci ƙarfinsa. Shi kansa tabkin ya sha juyi. A farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000, amma bayan farin 1973 da na 1984 ya tsuke zuwa ƙasa da kashi ɗaya bisa goma na hakan, har Gigimi ta wayi gari nesa da gaɓa. Masunta da ƴan kasuwa Hausawa sun bi ruwan duk inda ya ja, da jiragen katako masu inji, suna fito da bandar kifi zuwa kasuwannin kudu da yamma. A 2015 kuma, bayan harin Boko Haram a tsibirin Karamga, hukumomin Nijar suka umurci mazauna tsibiran ɓangarensu da su fito tudu. Jikokin waɗanda suka sauki Overweg suka koma baƙi a sansanonin jihar Difa.

Malamin da ke koyar da tarihin ƴan bincike a Tasawa ko Mayahi yana da abin nuna wa ɗalibansa ba tare da ya fita daga jihar Maraɗi ba. Littafin makaranta yakan ce wane ya gano tabkin Cadi. Ɗalibi yana da haƙƙin ya tambaya: raƙuman wa suka ɗauki jirgin, a gidan wa aka kwana, wa ya ce a bi nan kada a bi can? Wannan tambaya ce ta dace da mai shatar katamaran na yau, wanda ke sauka a farin rairayi na ƴan sa'o'i, ya koma bai san sunan ƙauyen da aka kamo kifin da ya ci ba. Jirgin Malta ya ɓace a gaɓar Maduwari, Kukawar da ta karɓe shi Rabe ya rushe ta a 1893, amma Tasawa tana cin kasuwarta, Buduma kuma duk da ƙaura ba su saki tabkinsu ba. Hausawa sun riga sun faɗa, baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Mutanen Gulbin Kaba kuwa sun fi kowa sanin yadda saiwar kaba take riƙe ƙasa.