Takardar Zama a Zangon Kumasi

Tun kafin a san fasfo, Bahaushen da ya sauka ƙasar Gwanja yana da wurin da zai gabatar da kansa. Ayari in ya iso Salaga bayan watanni a hanya, madugu ya san gidan da zai kai mutanensa. Mai gida ne zai ba fatake ɗaki, ya ajiye musu kanwa da tufafi da fatu, ya nemo dillalin goro, ya tsaya musu in bashi ya shiga tsakani. Ladansa la'ada. In baƙo ya yi niyyar zama, mai gida ya kai shi gaban Sarkin Zango ya ce wane ne, ɗan wane, daga gari kaza. Daga ranar an san shi. In ya yi laifi an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa, in ya rasu an san mai sallarsa da mai aika saƙo gida.

Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa fatake zuwa Kete Krachi da Yendi da Ankara, daga baya Kumasi ta cika bayan Turawan Ingila sun karya mulkin Asante. Tsarin mai gida ya bi su duk inda suka je. A irin wannan zaman Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano, ya yi limanci da karantarwa a Kete Krachi har rasuwarsa a 1934. Alhassan Ɗantata ma ya zauna Ankara, yana aika goro Ikko ta jirgin ruwa, kafin ya koma Kano. Kakan mahaifiyata yana cikin ƙananan fataken da suka bi sawunsu. Ya sauka Kumasi da niyyar kaka ɗaya, ya yi aure, ya haifi kakata a zango. Ta tashi tana jin Hausa da yaren Tonawa, tana sayar da koko da ƙosai, Kano kuwa sunanta kawai take ji a bakin tsofaffi.

'Yancin kai ne ya zo da tambayar da zango bai taɓa yi wa kansa ba. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ba ta wadatu da haihuwa a Ghana ba, sai an duba inda aka haifi iyaye. A shekarar nan gwamnatin Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba, jagoran zangon Kumasi, da Alhaji Usman Ladan zuwa Najeriya, saboda suna cikin manyan 'yan hamayya na jam'iyyar Musulmi. Da suka kai ƙara kotu cewa su 'yan Ghana ne, majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu, shari'a ta mutu. A ganina wannan ne gargaɗin farko, amma talakan zango ya ɗauke shi rigimar manya. Ƙidayar 1960 ta nuna baƙi sun kai kusan kashi 12 cikin 100 na mutanen ƙasar. Dokar baƙi ta 1963 ta wajabta musu izinin zama, sai dai ba a matsa ba, mutane suka ci gaba da harkarsu.

Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba da umarni: duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya samo ta cikin mako biyu ko ya bar ƙasar. Farashin koko ya faɗi, aiki ya yi wuya, an ɗora wa baƙi laifin fasa ƙwauri da cinye kasuwa. Nan ne abin yake min ciwo. Izinin zama ba ya samuwa sai da fasfo na ƙasar asali. Matar da aka haifa a zango, wadda ba ta da takardar haihuwa, ina za ta samo fasfon ƙasar da ba ta taɓa takawa ba? Ofisoshin jakadanci suka cika maƙil, Najeriya kuma tana cikin yaƙin basasa. Shaidar Sarkin Zango, wadda ta ishi mutum shekara da shekaru, ba ta da gurbi a fom ɗin gwamnati.

Kakata takan ce abin da ba ta manta ba shi ne cinikin kwanakin nan. Gado da keken ɗinki da tasoshin aure, duk an sayar da su a kuɗin da bai kai na mota ba, masu saye kuma maƙwabta ne da aka yi shekaru ana gaisawa. Wasu maƙwabtan, ta ce, sun karɓi makullin ɗaki amana, sun riƙe har masu shi suka dawo. Sama da mutum 100,000 suka nufi Najeriya, mafi yawansu Yarabawa 'yan kasuwa, ga Zabarmawa da Mosawa da suka yi arewa. Ita da 'ya'yanta suka sauka gidan dangi a Kano, inda ake ce mata Bagwanjiya, ana gyara mata Hausa. Mijinta ya tsaya Kumasi, domin wani ya taimaka masa ya sami takarda.

Ba zan ɓoye rabon Najeriya ba. A watan Janairun 1983, bayan kuɗin mai ya ja baya, gwamnatin Shagari ta ba baƙi marasa takarda mako biyu, daidai wa'adin da Busia ya bayar. Kimanin 'yan Ghana miliyan 1 suka yi cincirindo a kan iyakokin Seme da Aflao. Wannan ya faru ne bayan ƙasashen ECOWAS sun sa hannu a Dakar a 1979 cewa ɗan yankin zai shiga kowace ƙasa ba biza ya yi kwana 90. Yarjejeniyar ta buɗe ƙofar shiga, ta bar maganar zama, sai a 1986 aka amince da haƙƙin zama da katinsa.

Yau wanda ya ƙaura daga Kano zuwa Kumasi zai je ofishin shige da fice neman izini, ya kuma yanki katin shaida na baƙi da ake biya da dala ana sabuntawa. Da yawa daga masu goro da shanu har yanzu mai gida suke fara nema, ofis sai in an matsa. Jikokin waɗanda suka tsaya a 1969 kuwa, wasunsu in sun je yankar katin ɗan ƙasa, sunansu kawai ya isa a tambaye su garin kakansu. Ga kuma Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025 tare da Mali da Burkina Faso. Ƙungiyar ta ce za a ci gaba da karɓar fasfonsu har sai an yanke wata shawara, kuma a kan wannan alkawarin Bamaraɗen da ke zangon Kumasi yake zaune yanzu.