Kabejin Kilimanjaro da tarin sunayensa

A kwarin Barranco, wajen mita 3,900 a jikin dutsen Kilimanjaro, na fara ganin tsiron nan da sanyin asuba. Kututture ne da ya ninka tsayin mutum, ya yafa busassun ganyayensa kamar bargo, a kansa ga curin ganye sai ka ce kabeji. Ganyayen sun tsuke sun ɓoye tohon tsakiya, raɓa ta daskare a bayansu. Hantsi na yi suka buɗe. Ɗan jagoranmu ya ce sunansa senecio. Littafin da ke jakata ya ce Dendrosenecio.

Saɓanin ya samo asali tun 1884, lokacin da Baturen Ingila Harry Johnston ya tsinko shi ya kai lambun Kew. A 1887 Daniel Oliver ya raɗa masa Senecio johnstonii, ya zuba shi cikin zuriyar da akasarinta ƙananan ciyayi ne, dangin shuwaka da latas na nesa. Daga nan duk wanda ya hau dutsen Kenya, Elgon ko Ruwenzori sai ya sauko da sabon suna.

Abin da ya rikita masana a fili yake. Kowane dutse tsibirin sanyi ne a tsakiyar ƙasa mai zafi, tsiron kowanne ya ɗan bambanta da na maƙwabcinsa. Ga shi ganye ɗaya da aka danne a takarda ba ya nuna siffar kututturen da ya baro.

Olov Hedberg na Suwidin ya taka duwatsun da ƙafarsa, ya tace sunayen a littafinsa na 1957. David Mabberley ya matse su zuwa iri 3 a 1973. A 1978 Bertil Nordenstam ya cire su daga Senecio, ya ba su gidansu na kansu, Dendrosenecio. Eric Knox ya mayar da su iri 11 a 1993, sannan a 1995 shi da Jeffrey Palmer suka bi ƙwayoyin gado, suka nuna Kilimanjaro ne tushen zuriyar, daga can iri ya riƙa tsallakawa dutse zuwa dutse.

Na karanta wa jagoran wannan jerin muna shan shayi. Ya saurara har ƙarshe, ya ce shi dai gobe baƙi za su tambaye shi, kuma senecio ya fi sauƙin faɗa ga mai haki.