Sumar Tsofaffi Masu Shan Maganin Hawan Jini: Nazari Daga Karu

Duk inda aka auna jinin mutum, ko a Babban Asibitin Karu, ko a na Nyanya, ko a ɗan kemis na bakin titin da ya nufi Jikwoyi, a zaune ake auna shi, bayan an bar shi ya ɗan huta. Haka ƙa'idar take, kuma a kan wannan awo likita ke yanke yawan maganin da zai rubuta. Sai dai tsoho ba kasafai yake suma a zaune ba. Faɗuwar takan zo ne idan ya miƙe daga tabarma, ko ya tashi fitsari da tsakar dare, ko ya daɗe tsaye a sahu. Maganin da ya yi wa mutum daidai a kan kujerar asibiti da hantsi yana iya yi masa yawa a tsaye da la'asar sakaliya, cikin bazara, da ƙishirwa a maƙogwaro.

Idan mutum ya miƙe, jini kimanin rabin lita zuwa lita ɗaya yana gangarawa ƙafafu da ciki. A jijiyoyin wuya da kusa da zuciya akwai wasu 'yan sassa masu jin saukar ƙarfin jini, su ne ke sa zuciya ta ƙara sauri, jijiyoyin jini su tsuke, kafin mutum ya ankara. Da tsufa wannan martani yana yin sanyi, jijiyoyin kuma sun yi tauri, musamman ga wanda ya shekara da shekaru da hawan jini ko ciwon suga. Kamar ruwan famfo ne a gidan bene: da ƙarfinsa ya ragu, hawa na sama ke fara rasawa. Ƙwaƙwalwa ba ta jure yankewar jini fiye da daƙiƙa 6 zuwa 8. Daga nan sai jiri, sai "idona ya yi duhu", sai ƙasa. Tun 1996 likitocin jijiya a Amurka suka tsayar da ma'auni: idan lambar sama ta awon jini ta sauka da 20, ko ta ƙasa da 10, cikin minti 3 da miƙewa, to jinin mutum yana faɗuwa a tsaye. Gwajin ba ya cin ko kwabo fiye da na kullum. A kwantar da tsoho minti 5 a auna, ya miƙe a auna bayan minti 1, a sake bayan minti 3.

Magungunan ba ɗaya suke ba a wannan fanni, kuma kuskure ne a yi musu kuɗin goro. Amlodifin, wanda da shi ake farawa a shirin kula da hawan jini da aka soma a 2020 a ƙananan cibiyoyin lafiya 60 na Babban Birnin Tarayya, ya fi sa kumburin ƙafa a kan suma. Waɗanda suka fi jawo faɗuwa su ne ƙwayoyin sa fitsari, irin su Moduretic da Lasix, domin suna rage ruwan jiki, kuma suna iya rikita gishirin da ke cikin jini har tsoho ya riƙa ruɗewa ko bugun zuciyarsa ya hargitse. Sai Aldomet, tsohon magani mai araha da har yau ake samun dattawa na sha, wanda yake dakushe ainihin saƙon da ke umartar jijiyoyi su tsuke. Atenolol da danginsa kuwa suna rage gudun zuciya, su hana ta ƙara sauri a daidai lokacin da ake bukata.

Amma ba a nan kaɗai gizo ke saƙar ba. Mutumin Karu ba a takardar likita yake rayuwa ba. Unguwa ce da ta cika da ma'aikatan da hayar cikin gari ta fi ƙarfinsu, da 'yan fansho, da 'yan kasuwa da mahauta, tare da Gbagyi 'yan asalin wurin, kuma duk mai zuwa cikin Abuja ya san cunkoson hanyar Mararaba da Nyanya zuwa AYA. Dattijon da ya haɗiyi Moduretic da asuba, ya san zai shafe lokaci a mota babu wurin tsayawa, abin da zai yi shi ne ya ƙi shan ruwa. Lissafinsa daidai ne ta fuskar mutunci, amma ya haɗa wa jikinsa abu biyu: magani na fitar da ruwa, shi kuma ya hana mayarwa. Ga shi tsufa da kansa yana rage jin ƙishirwa. A watan Maris da Afrilu, da zafin Abuja kan haura digiri 35, jijiyoyin fata suna buɗewa don fitar da zafi, gumi ya kwashe saura. Gudawa ta kwana biyu ma ta isa ta mayar da adadin maganin da ya saba sha ya zama mai kayar da shi.

Azumi ya cancanci a tsaya a kansa, domin a 2024 da 2025 ya faɗo cikin Maris, tsakiyar zafi. Duba yadda magariba take kasancewa a gidaje da yawa. Tsoho ya yini bai sha ruwa ba. Ana kiran salla ya kurɓi kunu, ya tattara ƙwayoyin safe da na dare ya watsa su baki ɗaya, don kada ya yi asarar ko ɗaya. Ya bi da tuwo ko shinkafa mai yawa. Cin abinci mai nauyi yana janye jini zuwa hanji, kuma a jikin tsofaffi wannan kaɗai kan sauke ƙarfin jini cikin sa'o'i biyu da cin abincin. A daidai wannan lokaci magungunan suka fara aiki, a daidai shi kuma ake tayar da Asham, doguwar tsayuwa, da ruku'u, da ɗagowa daga sujada a masallacin da watakila an ɗauke wuta. In ya zube a raka'a ta shida sai a ce azumi ne ya galabaitar da shi, alhali abu huɗu ne suka taru. Gyaran yawanci ba barin magani ba ne. Likita ne zai sake tsara lokutan sha kafin wata ya kama, a raba tsakanin buɗa-baki da sahur, a rage ƙwayar fitsari in da hali. Addini kuma ya yi wa marar lafiya rangwame, har da salla a zaune, sai dai dattawanmu sun fi jin kunyar zama a sahu fiye da tsoron faɗuwa.

Akwai kuma abin da ba a faɗa wa likita. Namiji mai shekara 65 zuwa sama sau da yawa yana fama da kumburin furostet, ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsara, kuma magungunansa irin su tamsulosin da doksazosin suna sassauta jijiyoyin jini. Wani asibiti ya rubuta wannan, wani ya rubuta na hawan jini, babu wanda ya ga takardar ɗan'uwansa. Shi ne tsohon da ke tashi daga barci mai nauyi, ya tsaya a makewayi yana yunƙuri, a ji ƙarar faɗuwarsa. Maganin ƙarfin maza shi ma yana sauke jini, kuma hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan haɗe-haɗen da ake sayarwa da sunan na gargajiya. Wannan kam ko ɗansa ba zai faɗa wa ba. Zoɓo ma an gwada shi a bincike an ga yana ɗan rage hawan jini. Kofi ɗaya ba komai ba ne, amma wanda ya mai da shi magani safe da yamma a kan ƙwayoyi uku ya ƙara na huɗu. Sai maimaici: kwali biyu masu suna daban, ɗaya daga asibiti ɗaya daga kemis, alhali magani ɗaya ne a ciki. Shi ya sa ledar magungunan gaba ɗaya, har da na gargajiya, ta fi bayanin baki amfani a gaban likita.

Shin ke nan rage hawan jini a jikin tsoho ganganci ne? Bincike bai nuna haka ba. A gwajin SPRINT da aka wallafa a Amurka a 2015, mai mutum 9,361, waɗanda aka matsa jininsu ƙasa da 120 sun ɗan fi sauran suma, kashi 2.3 cikin ɗari a kan 1.7, amma ba su fi jin rauni ta faɗuwa ba, kuma mutuwa ta ragu a cikinsu. Gwajin HYVET na 2008, a kan 'yan shekara 80 zuwa sama, ya nuna magani ya rage mace-mace da kashi 21 cikin ɗari. A nan gida, gwajin CREOLE na 2019 da Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta, a kan mutum 728 a ƙasashen Afirka 6, ya nuna haɗin da ke da amlodifin ya fi sauke jinin baƙar fata. A ganina babban haɗarin yana cikin hukuncin da iyali ke yankewa washegarin suma: "Baba, maganin nan ya fi ƙarfinka, ka bar shi." An guje wa faɗuwar minti ɗaya, an buɗe ƙofa ga shanyewar ɓarin jiki. Su ma masu ɗauki sukan ƙara dagula abu, su tallabe wanda ya suma su zaunar da shi, suna ɗura masa ruwa ko madara. Kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa shi ke mayar da jini kai, ɗurar kuwa tana iya shaƙe shi.

Wani kuskuren shi ne ɗora wa magani laifin da ba nasa ba. Sumar da ta zo ba jiri ba gargaɗi, ko mutum na zaune ko kwance, ko yana hawa bene, ko tare da ciwon ƙirji da bugun zuciya ba bisa ƙa'ida ba, tana nuni ga zuciyar kanta: ko wutar da ke tafiyar da bugunta tana yankewa, ko ƙofar babbar jijiyar da ke fita daga cikinta ta ƙuntace. Wannan na bukatar gwajin ECG a ranar, domin irin wannan suma ce ke kashewa. Mai shan Daonil don ciwon suga, in ya jiƙe da gumi ya ƙi farfaɗowa, sugansa za a fara aunawa. Karkacewar baki ko nauyin harshe ba suma ba ce, shanyewar jiki ce ke sallama. Cizon gefen harshe da doguwar ɗimuwa bayan farkawa sun fi kama da farfaɗiya.

Ko da tsoho ya farfaɗo garau ya ce babu komai, a tambaya ko kansa ya bugu. Da yawa cikin masu hawan jini suna shan asfirin kullum, kuma jini na iya taruwa a hankali a ƙarƙashin ƙoƙon kai, sai bayan makonni a ga yana yawan barci, yana mantuwa, yana jan ƙafa ɗaya. A lokacin an manta da faɗuwar, sai a ce rikicin tsufa ne, alhali hoton kai zai nuna jinin, kuma aikin tiyata na iya fitar da shi.