Dodon Tafkin Ness: Hoto Ɗaya, Shekara 60

A arewacin Skotland akwai tafkin Loch Ness, mai tsawon kusan kilomita 37 da zurfin mita 230. Ruwansa baƙi ƙirin ne, ido ba ya ganin abin da ke ƙasa. Labarin dodonsa tsoho ne, domin tun wajen shekara ta 700 malamin coci Adomnán ya rubuta cewa waliyyi Columba ya kori wata dabba a kogin Ness.

Amma sai a 1933 labarin ya yi fiffike, bayan an gyara titin gefen tafkin, jaridar Inverness Courier kuma ta buga rahoton wasu ma'aurata da suka ce sun ga halittar. Daily Mail ta tura maharbi Marmaduke Wetherell, ya dawo da sawun ƙafa. Masana suka duba, suka ce da busasshiyar ƙafar dorina aka buga shi.

A Afrilun 1934 jaridar ta fitar da hoton nan mai dogon wuya da ya zagaye duniya. Sai a 1994 asiri ya tonu: jirgin ƙarƙashin ruwa ne na wasan yara aka liƙa wa kai, kuma da hannun Wetherell a ciki.

Masana kimiyya ba su zauna ba. A 1987 an jera kwale-kwale fiye da 20 ɗauke da na'urar da ke aika sauti cikin ruwa ta saurari dawowarsa, ba a samu dodo ba. A 2018 Farfesa Neil Gemmell na Jami'ar Otago ya ɗebi ruwa sau 250 daga sassan tafkin, ya tace ƙwayoyin halittar da dabbobi ke zubarwa. Babu alamar wata dabba mai jan ciki, sai tarin wani dogon kifi mai kama da maciji.

Mu masu rubuta manhaja mun san wannan matsalar. Gwaji yakan nuna mana akwai kuskure, amma ba ya iya rantsewa cewa babu. A wannan 'yar ƙofar dodon yake fakewa har yau.

Hausawa na cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, sai dai wannan furen ya shekara 60 bai bushe ba, a zamanin da haɗa hoton bogi ke bukatar katako da wahala. Yau waya kaɗai ta isa. Kafin mu tura hoton da ya shigo mana, mu tambaya: wa ya ɗauka, a ina, yaushe?