Gadar Severn da Kuɗin Fito

Gabatarwa

Kogin Severn shi ne mafi tsawo a Birtaniya, kuma a kusa da inda yake faɗawa teku shi ne ya raba Ingila da kudancin ƙasar Wales. A wannan maƙala za mu waiwayi tarihin gadar da ta ɗora babbar hanyar M4 a kansa, mu ga yadda ta haɗa ƙasashen biyu da kuma abin da haɗin ya ci.

Kafin Gada

Kafin 1966, mai mota da ya taso daga Landan zuwa Cardiff zaɓi biyu gare shi: ko dai ya yi dogon zagaye ta Gloucester, ko ya bi layin jirgin fito tsakanin Aust da Beachley. Shi kuwa jirgin sai yadda ruwa ya yi da shi, domin a nan ruwan teku kan taso fiye da mita 12, sannan ya janye ya bar taɓo.

Ginin Gada

An fara aiki a 1961, Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta buɗe gadar ranar 8 ga Satumba, 1966. Gadar rataye ce: manyan igiyoyin ƙarfe biyu da aka ɗora bisa hasumiyoyi su ke riƙe da titin, tsakanin hasumiyoyin kuwa mita 988 ne. Iska ita ce babbar abokiyar gabar irin wannan gada, ita ce ta kayar da gadar Tacoma ta Amurka a 1940. Saboda haka injiniyoyi suka ƙera gangar titin da siffar fiffiken jirgin sama, iska ta riƙa zamewa ta wuce.

Kuɗin Fito

Jirgi ya daina fito, amma kuɗin fito bai mutu ba. Tun ranar farko ake biya, kuma daga shekarun 1990 sai mai shiga Wales kaɗai ke biya, mai fita ya wuce salin alin. Wannan ya sosa wa mutanen Wales rai ainun, ganin ma'adinan kwal ɗinsu sun durƙushe, suna neman masu zuba jari, ga kuma haraji a bakin ƙofarsu. A 1996 aka mayar da M4 kan sabuwar gada, tsohuwar ta koma M48, amma biya ya ci gaba har ya kai fam 6.70 ga ƙaramar mota a 2017.

Kammalawa

Sai a Disamba 2018 aka soke kuɗin. Mun ga ke nan, injiniyoyi sun shawo kan kogi da iska cikin shekara 5, amma sai da aka shekara 52 kafin talaka ya haye ba tare da ya taɓa aljihunsa ba.