Waƙafi: Daga Bakin Alaramma Zuwa Allon Boko

A Agege, yaron da ya tashi a Zango yakan ji sunan alama guda da baki uku. Malamar makarantar boko ta ce masa "koma", shi kuwa a kunnen Bahaushe sai ya ji kamar an ce ya juya baya. Idan ya leƙa Markaz, makarantar Larabcin da Shehu Adamu Al-Ilori ya kafa a Abeokuta a 1952 kafin ya dawo da ita Agege, sai a ce masa sunanta fasila. A littafin Hausa kuma, waƙafi.

Kowane suna da abin da masu shi suka hango. Girkawa yanka suka gani: a harshensu "koma" na nufin guntun da aka datse, wato yankin magana, daga baya sunan ya sauka kan alamar. Siffarta ta yau, mai ɗan jela, ta bazu ne daga maɗaba'ar Aldus Manutius a birnin Benis wajen 1500. Faransawa ƙira suka duba, suka kira ta ɗan tsinke. Larabawa kuwa, bayan Ahmad Zaki Basha ya fitar da littafinsa kan alamomin rubutu a Alƙahira a 1912, daga baya sun fi tsayawa kan fasila, mai raba tsakani.

Bahaushe numfashi ya ji. Kalmar daga Larabci take, "waƙf", tsayawa, amma ba daga ajin nahawu ta shigo ba, daga gaban alaramma ta fito. Mai karatun Alƙur'ani dole ya san inda zai yanke numfashi ba tare da ya ɓata ma'ana ba. Malamai sun sha wahala a kan wannan: Sajawandi a ƙarni na 12 ya tsara haruffan tsayawa, Alhabɗi na Fas kuma, wanda ya rasu wajen 1524, ya bar tsarin da masu ruwayar Warshu ke bi. Da boko ya zo, bayan Baturen da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, ba a je nesa neman suna ba. Ɗigon ƙarshen jimla ya zama aya. Ɗigo biyu suka zama ruwa biyu, domin a tsangaya ruwa ake ce wa ɗigon harafi, kamar a "sin mai ruwa". Waƙafin da aka ɗora wa ɗigo, sai ya zama waƙafi mai ruwa. A ganina wannan ya fi na Turawa hikima, ko ba komai yaro yana jin sunan ya ga hoton.

Sai ga kalmar ta sake ɓullowa a wajen dukiya. Gida ko gonar da aka sadaukar saboda Allah, ba a sayarwa, ba a gādo, shi ma waƙafi ne, don an tsayar da shi. Sakkwato na da Hukumar Zakka da Waƙafi, Kano kuwa Hubusi ta ce, kalmar mutanen Magrib. Tsayuwar Arfa ma, sunanta na Larabci daga wannan tushen ya fito.

Shi ya sa dattijo a masallacin Zango zai ce, "Alhaji ya yi waƙafin rijiya," jikansa na gefe da biro, yana neman inda zai saka nasa a aikin gida.