Daga Marisuwa Zuwa Korona: Ƙaramar Hukuma da Mutanen Yerwa a Lokacin Annoba

Iyayenmu da kakanninmu ba su cika ƙidayar shekaru da lamba ba. Idan aka tambayi tsoho yaushe aka haife shi, sai ya ce shekarar Kakalaba, ko kuwa ya ce yana goye aka yi Marisuwa. Kakalaba ita ce babbar yunwar 1913 zuwa 1914, Marisuwa kuwa ita ce murar da ta game duniya a 1918. Ba mu shakkar cewa 'ya'yanmu ma haka za su riƙa cewa shekarar korona. Abin da wannan maƙala za ta duba shi ne, a irin waɗannan shekaru, wace hukuma ce takan kai ƙofar gidan talaka a garin Maiduguri, kuma me ya sa wadda doka ta ɗora wa nauyin ba ita aka gani ba a 2020.

Lokacin da Marisuwa ta zo, Yerwa ƙaramin gari ne, shekararsa goma sha ɗaya kacal. Rabe ya rushe Kukawa a 1893, Faransawa suka kashe shi a Kusuri a 1900, sannan a 1907 Shehu Abubakar Garbai ya kafa sabon mazauninsa kusa da sansanin Turawan Ingila na Mafoni da kuma ƙauyen Maiduguri. Sai a 1957 aka haɗa su ƙarƙashin suna ɗaya. Cutar ta sauka Legas ne daga jirgin ruwa a watan Satumba na 1918, ta bi hanyar dogo zuwa Arewa, daga nan kuma ta bi sawun fatake, domin dogo bai iso Maiduguri ba sai 1964. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa ta kashe mutum wajen 500,000 a Nijeriya, alhali jama'ar ƙasar duka ba su wuce miliyan 18 ba.

A wancan zamani babu maganin cutar a ko'ina cikin duniya, balle a Barno. Abin da ake da shi shi ne tsani na mulki wanda ya taso daga Shehu zuwa ajiya, wato hakimi, daga ajiya zuwa lawan, daga lawan zuwa bulama mai unguwa. Turawa sun riƙe wannan tsani ne don haraji da jangali, ba don jin ƙai ba. Amma fa mai karɓar haraji dole ya san kowane magidanci da sunansa, ya san wanda ya ƙaura, ya san wanda ya rasu, tun da mamaci ba ya biya. Saboda haka bulama ya zama shi ne littafin rajistar gari. A kan wannan tsani aka gina En'e ta Barno, da baitulmalinta da alƙalanta da 'yan dokarta, daga baya kuma da dubagarinta masu leƙa randa da masai. Ba muna yabon En'e ba ne. Wanda ya ji labarin yadda ake karɓar haraji a shekarar fari, ko yadda aka riƙa ɗaure 'yan adawa a zamanin siyasar farko, ba zai yi kewarta ba. Abin da kawai muke cewa shi ne ta san mutanenta ɗaya bayan ɗaya.

Daga ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e. A 1976, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Barno, aka yi gyaran ƙananan hukumomi na ƙasa baki ɗaya, aka mai da sarakuna masu ba da shawara, aka miƙa aikin ga majalisun da ake sa ran jama'a za su zaɓa. Idan muka duba Jadawali na Huɗu na tsarin mulkin 1999, za mu tarar ya jera ayyukan ƙaramar hukuma kamar haka: kula da maƙabartu, da kasuwanni, da tashoshin mota, da kwashe shara, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da kuma sa hannu a harkar lafiya. Duk wanda ya karanta wannan jeri zai ga kamar don ranar annoba aka rubuta shi. Inda mutane ke cunkusuwa, da inda ake binne su, da littafin da ake rubuta sunayensu, duk suna hannun ƙaramar hukuma. Sashe na 7 kuma ya ce dole majalisar ta kasance zaɓaɓɓiya.

To, yaya korona ta tarar da ita a Barno? Ta tarar da ƙananan hukumomi 27 waɗanda rabonsu da zaɓe shekara 13 ke nan, ana ta naɗa musu masu riƙo. Kuɗinsu kuwa ta asusun haɗin gwiwa da jiha yake biyowa, kamar yadda ake yi a sauran jihohi, al'adar da Kotun Ƙoli ba ta yanke hukunci a kanta ba sai ranar 11 ga Yuli, 2024. Bugu da ƙari, akwai wani hali da ya keɓanci Barno. Tun daga 2009 rikicin Boko Haram ya riƙa tayar da garuruwa, har ya kai da yawa daga cikin ƙananan hukumomin suka kwaso ma'aikatansu da hatiminsu suka dawo Maiduguri suna aiki daga nesa. Jama'arsu ma nan suka taho. Mutanen Bama suka cika sansanin Dalori a kan hanyar da ta wuce ta gaban jami'a, mutanen Gwoza da Monguno da Marte da Guzamala da Nganzai suka zauna a sansanin Bakasi, wasu a Muna, wasu a Unguwar Malamai, mafi yawa kuma suka raɓe a gidajen 'yan'uwa cikin gari. Wato Maiduguri ta 2020 ba gari ɗaya ba ce. Ƙananan garuruwa ne masu yawa aka tara wuri guda, kowane da harshensa da limaminsa da bulamominsa, sai dai ba shi da gona, ba shi da kasuwa, ba shi da maƙabartar kakanninsa.

An tabbatar da mutum na farko mai cutar a Nijeriya ranar 27 ga Fabrairu, 2020, a Legas. Kafin ƙarshen Maris gwamnatin Barno ta hana baƙi shiga sansanonin 'yan gudun hijira, ta kuma kafa kwamiti ƙarƙashin mataimakin gwamna, Umar Usman Kadafur. Duk ido yana kan hanyar Damaturu da filin jirgin sama, domin an ɗauka cutar masu hawa jirgi ce. Sai ga shi wanda aka fara samu da ita ma'aikacin jinya ne da ke aiki da ƙungiyar likitoci ta MSF a Pulka, wani ƙaramin gari na ƙasar Gwoza da ke cike da 'yan gudun hijira. An kawo shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, ya rasu ranar 18 ga Afrilu, sakamakon gwaji kuma ya fito bayan rasuwarsa. Allah ya jiƙansa. Ranar 22 ga wata Gwamna Babagana Umara Zulum ya sa dokar kulle ta mako biyu, bayan kwana biyu kuma aka ɗauki azumi.

A nan ya kamata mu tsaya kaɗan, domin mutanen Maiduguri ba baƙin dokar hana fita ba ne. Sun shafe shekaru suna shiga gida kafin magariba, sun saba da shingen soja, sun ga an hana hawa babur tun 2011. Amma waccan doka dare take ci, ta bar wa mutum yininsa ya nemi abin sawa a baka. Ta korona kuwa yinin ta cinye. Mu masu albashi mun zauna a gida da buhun shinkafa da rediyo muna sauraren alƙaluma, har muna ba maƙwabta shawara. Ɗan dako na Kasuwar Monday, da mai tura kurar ruwa, da direban Keke Napep, da matar da ke suyar ƙosai a bakin titin Gwange, duk abincin darensu daga cinikin safiya yake fitowa. An ce a riƙa wanke hannu da sabulu, a watan Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, a unguwannin da ake sayen ruwa jarka-jarka. An ce a ba da tazara, a sansanin da iyali guda ke kwana cikin tanti ɗaya, ake kuma bin layi a famfo da makewayi. Shawarwarin ba ƙarya ba ne, amma an ɗinka su ne a kan jikin wani, aka kawo wa wani ya sa. Wanda zai rage su ko ya ƙara su don su dace da Bulabulin ko Hausari shi ne kansilan mazaɓa, shi kuwa babu shi.

Saboda haka aikin ya rabu gida biyu. Daga sama, gwamna da kansa ya riƙa fita rabon abinci, hukumar agajin gaggawa ta jiha da ƙungiyoyin agaji na duniya suna riƙe da sansanoni. Daga ƙasa kuma sai ga tsohon tsanin nan ya sake bayyana. Mai rabon abinci ba zai san gida nawa ne a lungu ba sai ya tambayi bulama. Ma'aikacin lafiya mai neman waɗanda suka yi cuɗanya da majinyaci ba za a buɗe masa ƙofa ba sai da ɗan rakiyar da aka sani. Wannan ba sabon darasi ba ne, an koye shi tun a yaƙi da cutar shan inna, lokacin da iyaye suka ƙi rigakafi har sai da sarakuna da masu unguwanni suka shigo ciki. A Barno aka ga ƙarshen nau'in daji na wannan cuta a Nijeriya, a Jere da Gwoza da Monguno cikin 2016, kuma a tsakiyar korona, ranar 25 ga Agusta, 2020, aka bayyana cewa Afirka ta rabu da wannan nau'in. Mutanen da suka yi wancan aiki na bi gida-gida, da yawansu su aka sake kira.

Sai dai kada mu ruɗi kanmu. Bulama ba zaɓarsa aka yi ba, ba shi da kasafin kuɗi, ba shi da ofis, kuma idan ya rubuta sunan ɗan ɗakinsa ya tsallake bazawara, babu zauren majalisar da za ta kai ƙara. An ɗora masa aikin hukuma ba tare da an ba shi ikonta ko an ɗaure shi da hisabinta ba.

Inda rashin ya fi fitowa fili shi ne wajen ƙidayar mamata. A cikin mako guda na ƙarshen Afrilu Barno ta rasa Shehun Bama, Kyari El-Kanemi, da tsohon gwamna Muhammadu Goni. Waɗannan an san ranar rasuwarsu don manya ne. Talaka kuwa da ya rasu da safe, kafin azahar an kai shi makwancinsa, kamar yadda addini ya koyar, ba tare da wani ya rubuta komai ba. A Kano, cikin wannan wata, masu haƙar kabari ne suka fara faɗa wa duniya cewa mace-mace sun yi yawa, sai daga baya ministan lafiya ya ba da adadin mutum 979, ya ce fiye da rabinsu mai yiwuwa korona ce. An kai ga wannan adadi ne ta hanyar bin iyalai ana tambayarsu yadda mamacin ya yi jinya. Ke nan rajistar da tsarin mulki ya ambata ba ta yi wa kowa amfani ba, har ma muna iya cewa bulaman 1918 da takardar harajinsa ya fi ƙaramar hukumar 2020 sanin wanda ya ɓace daga unguwa.

An ɗan tsawaita kullen, sannan aka janye shi ranar 13 ga Mayu, aka koma masallatan Juma'a da coci-coci, aka yi sallah ƙarama. Barnar da aka ji tsoro a sansanoni ba ta auku yadda aka zata ba, kuma daga 2021 gwamnati ta fara rufe su tana mai da mutane garuruwansu.

Zaɓen ƙananan hukumomi ya zo a ƙarshe, ranar Asabar 28 ga Nuwamba, 2020, jam'iyyar APC ta lashe kujerun shugabanci 27 duka. A wannan rana, ana kaɗa ƙuri'a cikin gari, 'yan Boko Haram suka auka wa manoman shinkafa na Zabarmari, ta ƙaramar hukumar Jere, a gonakin Koshebe. Washegari aka jera gawa 43 cikin likkafani, gwamna yana tsaye, aka yi musu salla. Mutanen garin ne suka shiga daji suka kwaso su, su ne kuma suka faɗi sunan kowa da sunan mahaifinsa.